Cikin fari a Jos, Inna tana Damagaram

Ni 'yar Damagaram ce, aure ne ya kawo ni Jos a watan Disamba na 2022. Mun taso da asuba muka bi ta Matamaye, muka ƙetare iyaka a Kongolam, sai Daura sai Kano, bamu shigo gari ba sai dare. Abinda ya fara tarbata sanyi ne. Mu ma muna hunturu a gida amma na Jos daban yake, irin mai shiga ƙashi ne, ruwan alwala sai an ɗora a wuta. Mutane suna ganin tunda duk Hausa muke ji ai babu baƙunta, wallahi akwai. In nace zan je likita sai a ce wane likitan, ashe nan asibiti ake cewa, karne kuma kati, kuɗi ma na daɗe ina juya naira zuwa jika, wato kuɗinmu na sefa, a kaina kafin in sayi abu, ga shi lokacin ne aka canza takardun naira, kuɗin ma babu su a hannun kowa.

Wajen ƙarshen Maris na samu ciki. Ban faɗa wa kowa ba sai maigida, shi ma da ƙyar. Haka aka tarbiyyantar da mu, cikin fari abin kunya ne, ki ja bakinki ki sa zumbulelen hijabi har wata bakwai a zo a ɗauke ki goyon ciki. A gida wannan kunyar bata cika cutarwa ba saboda uwa ko gwaggo da ido kawai zasu gane ki. Nan wa zai gane ni? Wata huɗu da ɗori ban je awo ba.

Kuma duk wannan lokacin shayi nake sha. Da safe shayi da burodi, da rana in ci shinkafa in kora da shayi, da dare haka, saboda sanyi da ruwan saman Jos da baya ɗaukewa. Nama ba sosai ba, tunda aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu komai ya tashi. Sai na fara haki, 'yar hawan nan ta layinmu sai na tsaya sau biyu, jiri, zuciya na bugawa, ga wani kwaɗayin farar ƙasa da ya kama ni har ina aiken yara a ɓoye.

Akwai wata maƙwabciyarmu, Yaya nake ce mata, 'ya'yanta biyar. Ranar ta shigo aron turmi ta same ni zaune bakin ƙofa, ta kalle ni ta kalle ni, ta sa yatsa ta ja fatar idona ta ƙasa tace, "Amarya, idon nan fari fat. Wata nawa?" Na sunkuyar da kai. Tace, "Ƙanwata nan ba gidanku bane, in kin ɓoye min wa zaki faɗa wa? Gobe da safe ki shirya." Har yau in na tuna sai hawaye ya zo min.

A wajen awo aka auna nauyi, hawan jini, fitsari, aka ɗebi jini. Nas ta duba takarda tace jinina 27 ne, mai ciki kuwa ana so ya kai 33. Ta tambaye ni me nake ci, da na zo kan shayi sai ta ajiye biro. Tace ganyen shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ayan da ke cikin abinci, wanda shi ne ke haɗa jini, in dole sai na sha to in bar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci, in maye gurbinsa da lemon zaƙi ko gwaba saboda su taimakawa suke. Kwaɗayin farar ƙasar ma tace sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma cin ta ƙara dagula abin yake. Ta bani jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ƙananan nan folik asid, kullum kullum, tace kashi zai yi baƙi, ciki zai iya ɗaurewa, kar in tsorata in daina, in yawaita ruwa. Ta ce folik asid ɗin ma tun kafin ciki ya shiga ya kamata a fara saboda a makonnin farko ne ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri ke haɗuwa. Wannan ya tsaya min a rai, na makara ba don komai ba sai kunya.

A gabanta na haɗiye Fansidar guda uku, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Nace ai Jos ba sauro kamar wajenmu, tace akwai shi, kuma zazzaɓin cizon sauro yana iya laɓewa a mahaifa mace bata ji komai ba yana shanye jini yana ƙanƙantar da jariri, don haka duk wata sai an sha, aƙalla sau uku kafin haihuwa, a kwana cikin gidan sauro. Aka yi min allurar tetanus, aka duba rukunin jini da na sikila da ciwon hanta. Tace tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta maida zuwa awo sau takwas maimakon huɗu.

Abin mamaki, garin da na zo jinina ya ƙare a cikinsa shi ne garin ganye. Yaya ta kai ni Farin Gada na ga kabeji, karas, koren wake, latas, alayyahu, dankalin turawa jibge kamar ba kuɗi ake sa ba. Ita ta koya min gwaten acca, a zuba alayyahu da yakuwa da gauta da ɗan ƙashi ko busasshen kifi, ni kuma na koya mata kwaɗon zogale irin namu da ƙuli. Wake na koma ci kusan kullum, alale, ƙosai, dafa-duka. Ƙwai ɗaya a rana in an samu, dafaffe sosai. Ganyen da za'a ci ɗanye sai na wanke shi sau uku da ruwa mai tsabta saboda wasu lambunan da ruwan rafi da na kududdufan kuza ake ba su ruwa. Fura kam ban iya rabuwa da ita ba, amma nonon sai wanda na tabbata an tafasa madarar. Hanta kuma nas tace kar in maida ita abincin kullum duk da tana ƙara jini.

Ana cikin haka aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, ba'a daɗe ba aka rufe iyaka. Goyon cikin da nake ƙirga kwanakinsa ya rushe. Wasu suna bi ta daji a kan babur amma maigida yace ba da wannan cikin ba, kuma gaskiyarsa ne. Nayi kuka sosai. Inna ta koma renona ta WhatsApp, kullum da saƙon murya, ki nemi maganin zaƙi, ki daina cin ƙwai kar yaro yayi ƙato, a tanadi kanwa da itace. Bana raina Inna, mu tara ta haifa. Amma jiƙe-jiƙen da ban san me ke ciki ba na ƙi sha, nace mata "Inna ki yafe min, likita ta hana", tayi shiru tace Allah ya raba lafiya.

A wata na takwas jinina ya kai 34. Nas ta sa na haddace abubuwan da ba'a jiran gari ya waye a kansu, zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, fashewar faya, ko yaro ya rage motsi. Jaka ta na haɗe tun lokacin, mun yi magana da mai mota, ƙanin maigida kuma ya yarda zai bada jini in an buƙata.

Ƙarshen Disamba cikin dare naƙuda ta tashi, Yaya ce ta riƙe min hannu har asibiti. Mace na samu, kilo 3. Kafin awa ɗaya aka ɗora min ita a ƙirji ta sha dakashi, wannan ruwan nonon farko mai rawaya da wasu ke matsewa su zubar, alhali shi ne rigakafinta na farko. Cibiya ba toka ba man goge baki, maganin shafawa da suka bamu kawai. Ruwa ma ban bata ba har wata shida, nono zalla.

Wankan jego nayi amma da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Kunun kanwa ne muka ɗan ja da dangin maigida, sai da nas ta yi musu bayani da kanta cewa tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciyar masu jego yana da alaƙa da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Aka koma dama min kunun gyaɗa.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka. Inna ta iso da buhun gero da busasshen zogale da kilishi, tana rawar sanyi. Kafin ta karɓi jikarta sai da ta riƙo fuskata ta duba idona, sannan tace in kai ta wajen Yaya.