Ba na shimfiɗa katako da gaggawa, ko biki gobe ne

Ni aikina daɓen katako ne a nan Kumasi, ni da yarana huɗu. Kafinta na koya tun masu katako suna Anloga kafin a kwashe su zuwa Sokoban, daga baya na bar kujera da kabad na tsaya kan ƙasan ɗaki kawai. Duk shekara in ruwa ya kankama wajen Mayu da Yuni wayata ba ta hutawa, maganar dai ɗaya ce, maigida ƙasan falona ya kumbura, ko ƙofa ta daina rufuwa, ko in an taka yana kuka.

Abin da mutane basu sani ba, itace ko an yanka shi an goge an shafa mai baya daina shan iska. In iska tana da laima sai ya sha ya buɗe, in ta bushe ya saki ya tsuke, kuma ta faɗi yake motsi, ta tsawo kusan babu. To ka duba garin nan namu, damina biyu gare mu, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, da safe laimar iska tana wuce kashi 80 cikin ɗari, sannan Disamba hunturu ya sauko ya busar da komai har leɓe ya tsage, Fabrairu da Maris kuma zafi. Allo ɗaya motsinsa ɗan kaɗan ne amma falo mai allo 40 a jere in kowanne ya ƙara rabin milimita ka ga santimita 2 kenan, in bai samu wurin zuwa ba sama zai yi. Shi yasa muke barin fili milimita 10 zuwa 15 tsakanin katako da bango ko'ina, a rufe da ɗan allon gindin bango. Wasu masu gida in sun gani sai su ce munyi ha'inci, wallahi wannan filin shi ke ceton ɗakin.

Akwai aikin da har yau yana min ciwo. Wani Alhaji zai aurar da 'yarsa, simintin falon bai fi sati biyu da zubawa ba, yace malam dan Allah ka taimaka baƙi zasu zo daga Accra. Na san bai bushe ba, naji nauyinsa na yarda. Katakon odum ne mai kyau muka sa. Wata biyu bai cika ba gefen kowane allo ya ɗaga tsakiya ta lotsa kaman kwale-kwale, don ruwan simintin daga ƙasa yake shiga. Mun cire fiye da rabi, kuɗin gam da na yara daga aljihuna, kuma abin da yafi damuna mutumin ya yarda dani ne. Tun ranar ban sake ba. Yanzu ko waye, sai na manna leda a kan simintin na liƙe gefenta da salatif ta kwana biyu, in na ɗaga naga gumi ko wurin yayi duhu to babu aiki. Siminti mai kaurin santimita 4 a bashi aƙalla kwana 40, da damina ma yafi haka. Bayan ya bushe ɗin ma sai mun shimfiɗa abin tare danshi kafin katako ya hau.

Shi kanshi katakon ma haka. Tun 1998 doka ta hana tsaga katako da injin sarƙa a daji don sayarwa, amma har yau shi ya cika kasuwa, ɗanye sharaf, ruwan cikinsa sai ya wuce kashi 30. Yana da araha, in ka sa shi a ɗaki hunturu na zuwa zaka ga ramin da kwabo zai shige tsakanin alluna. Ni wanda aka busar a tanda nake saye, in soka masa mitar auna danshi in ga kashi 12 zuwa 15, sannan in jera shi cikin ɗakin da za'a sa shi da 'yan sanduna a tsakani yayi sati biyu ya saba da iskar gidan. Odum da tik da papao sune na fi yarda dasu, basa yawan motsi kuma gara bata cika damunsu ba. Katakon da ake kira wawa kam kar ma a fara, laushi gare shi.

Sai ku iyayenmu mata, Hajiya dan Allah a bar zuba bokitin ruwa da omo, wannan na tayil da tarazo ne. A share, a matse tsumma sosai har ya daina ɗiga sannan a goge. Ruwa in ya zube a ɗauke shi nan take, buta da tukunyar fulawa da firij a sa masu faranti a ƙasa. Taga mai kallon yamma a sake labule da rana, don odum rana na sa shi duhu, wata rana ka janye kafet ka ga kala biyu.

Masu esi, na'urar sanyaya ɗaki, kuma, ɗaki ya wuni da sanyi a bushe, wuta ta ɗauke a buɗe tagogi iska mai laima ta shigo, gobe a maimaita, lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta na 2015, mun ga irin wannan da yawa. Wanda yafi muni gidan 'yan uwanmu da ke Turai, a kulle shi ruf damina guda ba mai leƙawa. A samu wanda zai riƙa buɗewa ranar da babu ruwa ya kunna fanka ko awa biyu ne.

In kuma ya riga ya lotsa kar a kira mai injin goge da sauri. A nemo inda danshin ke fitowa, famfo ne ke yoyo ko gindin bango, a gyara, a jira ya bushe ko wata biyu ne, sau da yawa da kanshi yake kwanciya. In ka goge shi yana jiƙe, ranar da ya bushe tsakiyar ce zata yi tozo, ka cinye katakon a banza.

Yanzu haka akwai tik da na jera a wani gida a Aboabo yau kwana tara, Hajiyar ta kira ni sau uku. Nace mata tayi haƙuri, ranar Alhamis in sha Allahu zan zo da mita mu ɗaga ledar tare.