Ranar da mota ta mutu wa Auta a shataletale

Tun da Auta ta samu aikin koyarwa a wata makaranta can hanyar Gwarzo take damuna da maganar mota. Adaidaita biyu take hawa kafin ta isa, kuɗin kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba sai na faɗa muku ba, kusan rabin albashin a titi yake ƙarewa. Ga tsohuwar Golf ɗin Baba a gareji tana shan ƙura, rabon da ya taɓa ta tun da idonsa ya fara ba shi matsala. Ni dai na ce ai man motar ma ba kyauta ake bayarwa ba, amma Hajiya ta riga ta yanke hukunci, ta ce kai ne babba, kai za ka koya mata. Na ce to. A raina ina cewa sati biyu ya isa, tuƙi dai ba karatun likita ba ne.

Akwai wani fili bayan unguwarmu inda yara ke buga ƙwallo, nan muka fara, Asabar da Lahadi da sassafe kafin 'yan ƙwallon su fito. Ranar farko na gano wani abu da ban taɓa lura da shi ba a shekara sha biyar ɗin da na yi ina tuƙi, wato ƙafata ce ta iya mota, bakina bai iya ba. Motar manuwal ce. Na ce mata taka kuloci, sa giya ɗaya, to yanzu saki a hankali. Ta saki, mota ta yi tsalle kamar an tsikari doki ta mutu. Na ce a hankali na ce. Ta ce Yaya ai a hankalin na yi. Muka sake, ta sake mutuwa. Ta juyo ta ce wai don Allah a hankalin nan kamar yaya ne, zuwa ina zan ɗaga ƙafar? Wallahi na buɗe baki na rasa amsa, sai kawai na ce ke dai za ki ji a jikinki. Wannan ba koyarwa ba ce, amma a lokacin gani nake laifinta ne.

Kuma abin da mutane ba sa tunawa shi ne motar makarantar tuƙi yawanci malamin yana da nasa birkin a ɓangarensa, in ɗan koyo ya rikice sai ya taka abinsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Kai da ke zaune a motar gida ba ka da komai sai birkin hannu da bakinka, shi ya sa bakin yake aiki fiye da ƙima. Ƙafata ta dama har ciwo take in mun dawo saboda taka birkin da babu shi.

A sati na uku na ga ta ɗan fara kama hannu, ta yi takardar izinin koyo, muka manna jar L gaba da baya, na ce yau titi za mu hau. Gangancina ne, domin yamma ce lokacin tashi daga kasuwa. Muna zuwa shataletale ta tsaya tana jiran hanya, da hanya ta samu ta saki kuloci da sauri, mota ta ɗan shiga ta mutu a daidai inda bai kamata ba. Kun san Kano. Kafin ka ce kwabo hon ya kaure ta ko'ina, adaidaita sun zagaye mu kamar ƙudan zuma, wani ya leƙo yana cewa Hajiya a koma kicin mana, ni kuma maimakon in rufa mata asiri sai na zama na gaba a masu ihun, kuloci! kuloci na ce! ba wannan ba! Tana murɗa makulli mota na cikin giya tana zabura. Can sai kawai ta sauke hannunta daga sitiyari ta ɗora a cinya, ba ta ce komai ba, hawaye na zuba. Haka na fita na zagaya a tsakiyar titi muka yi canji.

Har gida ba wanda ya yi magana. Da dare na ji tana faɗa wa Hajiya ta haƙura, adaidaitan ya fi mata kwanciyar hankali. Ni kuma na kwanta ina tuna yadda Baba ya koya min a Fijo 504 ɗinsa, duk kuskure ranƙwashi ɗaya, da yadda na yi rantsuwa a lokacin ba zan taɓa yi wa wani haka ba. To ban yi ranƙwashin ba dai.

Kawu ne ya gyara ɓarnar. Yayan Hajiya ne, ya haura saba'in, da yaron mota ya fara kafin ya zama direba, kuma in ka zauna da shi sai ya ba ka labarin 1972 lokacin da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, yadda tsofaffin direbobi duk suka koma 'yan koyo rana ɗaya. Da ya ji abin da ya faru bai min faɗa ba, cewa kawai ya yi ranar Asabar ka kawo min ita da motar, kai kuma ka zauna a baya ka kama bakinka.

Abin da ya yi ya ba ni kunya saboda sauƙinsa. Ya ce mata 'yata cire ƙafarki daga totur gaba ɗaya, ba ruwanki da shi yau. Taka kuloci, sa giya ɗaya, ki dinga ɗagowa kaɗan kaɗan har sai kin ji kukan injin ya canja kin ga gaban motar ya ɗan yi rawa, to nan ki tsaya, kar ki ƙara. Ta yi, sai ga mota tana tafiya da kanta silo silo. Ya sa ta maimaita ya fi sau ashirin. Amsar tambayar da ta min ke nan tun ranar farko. Kuma ba ya cewa yi dama a lokacin da aka zo kwanar, tun daga nesa zai ce in mun wuce masallacin can za mu yi dama, fara duba madubi, sa sigina. Muryarsa kamar mai ba da labari.

Sati na gaba ya ce in taho da tawa motar. Na ɗauka wani abin kirki zan yi, ashe cewa zai yi in tsaya a bayanta in dinga danna mata hon, tunda dai hayaniya na iya. Shi kuma yana sa ta ta kashe motar da gangan ta tayar, birki, kuloci, giya a firi, makulli, giya ɗaya, tafi. Ina hon tana yi, ina hon tana yi, har ta fara dariya. Ya ce mata mai hon ba zai biya miki kuɗin gyara ba, ki bar shi ya yi ta yi.

Duk da haka sai da ta shiga makarantar tuƙi, domin koyon gida ba ya ba da takarda. In kana son lasisi ta hanyar da ta dace sai ka cika shekara 18, ka yi darasi 26 a makarantar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, ka yi gwaji wajen jami'an duba motoci na VIO, sannan a ɗauki hotonka da zanen yatsu. Na faɗi shekarun ne saboda masu miƙa wa yaro ɗan sha huɗu makulli ranar sallah ko biki wai ya iya, Allah ya kyauta. Makarantar kuma ita ta tona min asiri, Auta ta dawo tana lissafa min laifuffukana, Yaya ba ka sa sigina, Yaya ƙafarka kullum tana kan kuloci za ka cinye shi, Yaya a shataletale wanda ke ciki shi ke da hanya ba wanda ya fi ƙarfin hali ba. Duk waɗannan da ni kaɗai na koya mata da ta kwashe su tas.

Yanzu wata huɗu ke nan tana kai kanta makaranta, har Hajiya take kaiwa asibiti. Ribas ne dai har yau da saura, makon jiya ta goge ƙofar gareji, fentin get ɗin yana nan kore shar a jikin bamba. Kawu ta kira ta faɗa wa, ni a bakin Hajiya na ji, kuma an ce ni zan kai wa mai fenti ranar Litinin.