TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: Kwana Uku A Cikin Kwari

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya dawo daga kasuwar Mai'aduwa da bijimai biyu. A shekarar 2005 ke nan, bayan fari da fara sun cinye amfanin gona a Nijar, hatsi ya yi tsada, makiyaya suka riƙa koro shanunsu kasuwannin bakin iyaka suna sayarwa da araha don su sami na sayen gero. Ba don haka ba, mai ƙaramin ƙarfi irin Baba ina ya isa ya mallaki shanun huɗa? Ko a hakan ma sai da ya sayar da tumakin Inna da gyaɗar da ya ajiye, ya ranto ciko a wurin Kawu.

Bunaji ne su biyun, farare masu baƙin hanci da baƙin kunne. Sun iso gidanmu ƙashi da fata, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin zaure. Ni aka danƙa wa su. Rani guda na yi ina ɗura musu harawar wake da dusa da ruwan kanwa, har tozonsu ya miƙe. Babban muka sa masa Ɗanladi, tunda ranar Lahadi aka sayo shi. Ƙaramin kuwa bai taɓa samun suna ba, ƙaramin kawai muke cewa. Ɗanladi ya san takuna. Ko cikin duhu na nufi turke sai ya tashi tsaye ya miƙo mini wuya in sosa masa.

Daminar 2006 ita ce ta farko da suka shiga aiki sosai. Mu yi tamu gonar, mu yi ta mutane a biya mu, da kuɗin ne Baba yake rage bashin Kawu. Ranar Talata, 27 ga Yuni, muna huɗa a wata gona mai nisa aka aiko wa Baba an yi rasuwa. Zai tafi ya ce da ni, “Kai, in sun huta ka ɗora garma ka bi babbar hanya. Kada ka bi ta kwari, an yi ruwa jiya.” Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba.

Na ce to. Amma ranar ce Ghana za ta kara da Brazil a gasar cin kofin duniya da ake yi a Jamus, ƙarfe 4 na yamma, kuma Ghana ce kaɗai ta rage daga Afirka. Duk samarin ƙauyenmu sun yi shirin tafiya gidan kallo. Babbar hanya ta zagaya, ta kwari kuwa kusa ce. Shekarata 15. Na bi ta kwari.

A gangaren, yashi ne a sama, yumɓu a ƙasa. Ɗanladi ya tsaya ya toge, ya sunkuyar da kai yana shinshinar ƙasa. Ya fi ni sanin abin da ke wurin. Na zabga masa tsumagiya sau biyu. Ya taka, amalanke ta turo su daga baya, ƙafarsa ta baya ta dama ta zurma cikin ramin da ruwa ya zaizaye, nauyinsa ya juya a kanta. Na ji ƙara kamar an karya busasshen reshe. Har yau in aka karya ice kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Karkiya ta murɗe ta shaƙe ƙaramin, na yi ta fama da igiya har na kwance shi. Ɗanladi ya yunƙura da ƙafafun gaba, bayansa ya ƙi bin sa, ya koma ya zube. Sau uku yana haka. Na yi ta ihu har manoman kusa suka sheƙo.

Kowa da tasa dabarar. Wannan ya kama wutsiya yana murɗawa, wancan ya ce a toshe masa hanci zai zabura, wani har ya ɗaga sanda. Sai ga wani dattijon Bafulatani daga rugar da ke bayan kwarin. Bai ɗaga murya ba, ya ce su saki wutsiyar, suka saki. Abin da ya fara yi shi ne ya sa aka tayar da san daga kwanciyar gefe aka zaunar da shi a kan ƙirjinsa, aka tokare shi da buhunan yashi. Ya ce saniya in ta miƙe a gefe ɗaya ba ta iya gyatsa, iska ta taru a tumbi, kwiɓin hagu ya kumbura kamar ganga, tana iya mutuwa kafin gari ya waye ko da ba abin da ya karye. Sannan ya durƙusa ya ɗora kunnensa a kan cinyar, ya sa wani ya motsa ƙafar a hankali. Ya daɗe a haka. Ƙafar ta gajarce, ta juya waje, cinyar kuwa ta fara hawa.

Lokacin Baba ya iso, da rigar jana'izar a jikinsa. Dattijon ya ja shi gefe, amma na ji. Ya ce, “Malam, ƙashin cinya ne. Da ɗan maraƙi ne, ko da a ƙauri ne, da na ɗaure maka. Wannan ba na tashi ba ne. Ka nemi wuƙa tun yana da namansa.”

Baba bai ce komai ba. Ni ne na faɗi a gabansa na riƙe ƙafarsa ina kuka, ina cewa, “Baba don Allah kada a yanka shi, zan yi jinyarsa, wallahi zai tashi.” Wani maƙwabcinmu ya ƙara da cewa nasa san ya yi mako a kwance ya tashi. Ba wanda ya tambaye shi ko karaya ce ta kwantar da nasa. Baba ya dubi san, ya dubi bashin da ke kansa, ya dube ni. Ya ce a bari a ga abin da Allah zai yi.

Ba a iya ɗauke shi daga wurin. Itacen da ke kusa gawo ne, shi kuwa gawo da damina yake zubar da ganye, ba shi da inuwa. Muka kafa masa rumfa da zana, muka zuba yashi mai laushi a ƙarƙashinsa, muka hura wuta da ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori ƙudaje da sauro. Dattijon ya ce kada a bar shi a ɓangare ɗaya ya daɗe, domin nauyinsa da kansa zai kashe naman ƙafar da ke ƙasa. Sai a juya shi bayan 'yan sa'o'i, dare da rana. Juyi ɗaya sai ƙarti shida. Mutanen garinmu, Allah ya saka musu, haka suka riƙa zuwa bi da bi, ga aikin gona a kansu.

A nan na kwana. Daren farko ya sha ruwa daro guda, ya lashe kanwa a tafin hannuna, harshensa mai kaushi yana goge mini fata. Can tsakar dare na ji yana tuƙa, muƙamuƙinsa na juyawa a hankali kamar yadda yake yi a turke. Na ce a raina ai ga shi nan, mai mutuwa ba ya tuƙa. Na jingina da tozonsa na yi barci.

Laraba Kawu ya zo da mai ɗori. Mutumin ya shafa, ya girgiza kai, ya ce tsakani da Allah bai ga inda zai ɗora kara ba, ƙashin yana can cikin nama, kuma ba igiyar da za ta riƙe nauyin bijimi. Bai karɓi ko sisi ba. Duk da haka muka kafa dirkoki huɗu masu gwafa, muka gitta itace, muka zura buhuna ta ƙarƙashin ƙirjinsa da cikinsa, aka taru aka ɗaga shi. Ya rataya. Ƙafafu ukun masu lafiya ma bai taka su da ƙarfi ba, karyayyar kuwa tana lilo. Ya yi wani irin nishi daga can cikin ƙirji, ido ya firfito, yawu na dalala. Ba a daɗe ba dattijon ya ce a sauke shi, ya juya ya koma ruga. Bai sake zuwa ba, kuma na san dalili.

Daga ranar ya daina tuƙa. Na kawo masa ɗanyar ciyawa ya shinshina ya kawar da kai. Yana cizon haƙora, kana jin ƙararsu. Gwiwoyinsa da ƙugunsa suka saluɓe, ƙudaje suka samu wurin zama. Na wanke da ruwan gishiri, na kore su, su dawo.

Mahauta kuwa tun daren Talata labari ya kai musu. Tayin da suka yi ranar Laraba bai kai rabin kuɗin san ba. Ranar Alhamis suka rage. Na tsane su a lokacin. Yanzu da na girma ba na ganin laifinsu duka, don sun san abin da ke faruwa a ƙarƙashin fatar, mu ne ba mu sani ba.

Alhamis da yamma malamin dabbobi ya iso a kan babur, bayan Kawu ya je har gari ya ɗauko shi. Ya duba, ya maimaita maganar dattijon kusan kalma da kalma. Na ce, “Malam, ba allurar da za a yi masa?” Ya ce allura ba ta haɗa ƙashi. Ya ce kuma in ya yi masa irin mai daɗewa a jiki, naman ba zai ciwu ba sai bayan makonni, shi kuwa san ba zai kai ba, ka ga an yi biyu babu. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ƙanena, kai kake ganin kwana uku. Shi kowane numfashi yake ji.”

Bayan sallar isha'i Baba ya je wurin Liman, na bi shi. Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, dabbar da ta faɗo ta karye, ya halatta a yanka a ci?” Liman ya karanto aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, inda aka lissafa wadda aka shaƙe, da wadda aka doke, da wadda ta gangaro, da wadda aka tunkuya, aka haramta su sai wadda aka riska aka yanka. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya abin dubawa shi ne ko raunin ya kai makasa, kamar lakar baya ta tsinke ko hanji ya huje, don irin wannan yanka ba ya halatta ta. Ya tambaya, yana kaɗa wutsiya? Yana motsa ɗaya ƙafar? Baba ya ce yana yi. Liman ya ce to karayar cinya ba makasa ba ce, amma a hanzarta tun ransa na da ƙarfi. Ya ƙara da hadisin da ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, wanda zai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Da ya zo kan “ya hutar”, ni ya kalla.

Maigari ne ya hana a sayar wa mahauta. Ya sa aka yi shela a yi watanda, kowane magidanci ya ɗauki kashi, mai kuɗi ya biya yanzu, marar shi ya biya da kaka. Na ga mutanen da ko a salla ba sa sayen nama sun rubuta suna. Ba naman suke so ba, Baba suke ɗagawa.

Juma'a bayan asuba aka yi. An wasa wuƙar tun a gida don kada ya gani. Baba ya ce in tafi, na ce zan tsaya. Na ba shi ruwa ya kurɓa kaɗan, na sosa masa wuya inda ya saba, aka juyar da shi alƙibla, na rufe masa ido da tafin hannuna. Liman ya yi bisimilla da kabbara. Abin bai ɗau lokaci ba.

Da aka feɗe ne na ga abin da na roƙa masa. Ƙashin cinyar ya tarwatse gida-gida, tsinin ya yayyanka naman da ke kewaye, gudajin jini suka kusa cika daro. Ɗaya cinyar da ƙirjin da yake kwanciya a kai sun yi baƙi-baƙi, sun yi ruwa, dole aka yanke aka binne. Na tsaya ina lissafin sau nawa muka juya shi, sau nawa tsinin nan ya motsa a cikin namansa, da kuma ratayar da muka yi masa ranar Laraba ina murna wai ya tsaya. Na koma bayan gawo na yi amai. Kasonmu da aka kai gida, Inna ta dafa, ni da Baba ba wanda ya taɓa.

Mutane suka yi ta zuwa jaje. Allah ya mayar da alheri, Allah ya tsayar nan, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Duk wanda ya faɗi haka sai in ji kamar ya san komai. Kuɗin watandar bai kai rabin abin da za a sayi wani sa ba, ga huɗar mutane da muka karɓi kafin alƙalami.

Da dare na sami Baba a zaure shi kaɗai, fitilar ƙwai na ci a gefensa, karkiyar na jingine da bango. Na durƙusa na ce, “Baba, ya toge a bakin kwarin. Ni na doke shi. Ƙwallo nake sauri.”

Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, “Na ga shatar tsumagiya a bayansa tun ranar Talata. Kai ka bi ta kwari, ni kuma na bar shi kwana uku. Kowa ya nemi gafarar nasa.” Ya rage fitilar. “Tashi ka duba ƙaramin. Tun da aka raba su bai ci abin kirki ba, sai kuka yake yana kallon turken.”

Na ɗebi dusa na fita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muka ƙarasa daminar da sa ɗaya, da abin da ya sami kuɗin makarantata a watan Satumba.