Farin ɓera ya cinye min wata bakwai

Har yau idan na ga farin ɓera mai jajayen idanu sai gabana ya faɗi. Wata bakwai na aikin digirina na biyu, da kuɗin shinkafar da Baba ya sayar a Argungu, duk a kansa suka tafi.

Abin da na ɗauka zan gwada shi ne ko ruwan da muka tatso daga saiwar gwandar daji zai hana ƙarin sankara girma. Ƙwayoyin sankarar da muka samu su ne 4T1, na sankarar mama, waɗanda asalinsu daga jikin ɓeran zuriyar BALB/c aka ciro su. BALB/c fari ne tas, wannan na sani. Sai na je wajen wani mai kiwon ɓerayen gwaji na ce ya ba ni farare 30. Da na yi kamar zan tambaye shi irinsu, ya ce, "Malam, kusu ai kusu na." Na biya, na ɗauko su zuwa Birnin Kebbi, ban nemi ko guntuwar takarda ba.

Na yi musu allurar ƙwayoyin a ƙarƙashin fata. Kwana bakwai ƙari ya fito, kamar ƙwayar wake. Daga kwana na goma sai ya fara motsewa a jikin waɗanda nake ba ruwan saiwar, kafin mako na uku na shafa na shafa ban ji komai ba. A daren na kira Inna ina rawar murya. Ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗana," ta kuma sanar da duk gidan.

Ga inda laifina yake, kuma shi ke ci min rai. A kejin waɗanda ban ba komai ba, nan ma ƙarin yana motsewa, in ban da ɓeraye biyu. Na gani da idona. Na ce wa kaina wataƙila allurar ce ban yi daidai ba, ko zafin Afrilu ne ya raunana ƙwayoyin ranar da wuta ta ɗauke. Na nemo wa abin uzuri saboda ina son maganin ya zama shi ne ya yi aiki.

Malamar da ke duba aikina ta daɗe tana kallon lambobin, sannan ta ɗago.

"Ɓerayen nan wace zuriya ce?"

"Farare ne, ranki ya daɗe."

"Ban tambaye ka launi ba. Ina takardarsu?"

Babu. Ɓerayen gama-gari ne, irin waɗanda ake barinsu su yi ta barbara tsakaninsu yadda suka ga dama. Ita kuwa zuriya irin BALB/c, sai an haɗa wa da ƙanwa sau 20 a jere, aƙalla, kafin a kira ta tsantsar zuriya, har ɓerayen su zama kamar tagwaye a gadon halitta. Abin da ya kashe ƙarin nan ba gwandar daji ba ce. Garkuwar jikinsu ce ta ga naman baƙo ta ƙi shi, kamar yadda jiki ke ƙin ƙodar da aka dasa masa daga wanda ba su dace ba.

Na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da wasu furotin a bayanta, a ɓera ana kiransu H-2, a mutum HLA. Aikinsu kamar faifan mai talla ne: ƙwayar tana ɗora gutsattsarin abin da take sarrafawa a ciki, ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki, masu alamar CD8 suna bi suna dubawa. In abin da ke kan faifan na gida ne su wuce, in baƙo ne su tsaya. To ni abin da na dasa, faifan kansa ma baƙo ne. Kuma ƙwayoyin T da ke iya zabura kan faifan baƙo suna da yawa ƙwarai, ana ƙiyasta tsakanin ɗaya zuwa goma cikin ɗari, alhali masu gane wani gutsure guda na cuta ƙalilan ne. Shi ya sa farmakin ya zo da ƙarfi haka.

Har jinkirin da ya yaudare ni yana da dalili. Sai wasu ƙwayoyi masu rassa sun kwashi gutsattsarin ƙarin sun kai kaluluwa, can ƙwayoyin T su gane, su hayayyafa, sannan su biyo jini zuwa wurin. Wannan kan ci kusan mako guda, kuma a cikin makon ne ƙarin ke samun sararin girma. Da sun iso, kowace ta manne wa ƙwayar sankara, ta saki furotin mai suna perforin ya huda mata fata, wani mai suna granzyme ya shiga ya tayar mata da tsarin kashe kai, sai ita T ɗin ta saki ta nufi ta gaba. Da muka yanka wurin muka duba a madubin ƙara girma, cike yake da su, tsitsit kamar tururuwa a kan sukari. Na tsaya ina kallo, raina a ɓace amma jikina ya yi sanyi da mamakin ikon Allah.

Abin da ya ƙara min takaici, ramin da na faɗa tsohon rami ne. A farkon ƙarni na 20 masu bincike sun yi ta dasa ƙari a ɓerayen da ba zuriya ɗaya ba, suna ganin ya narke, suna zaton sun gano rigakafin sankara. Peter Gorer a Landan ne ya gano alamar da ke jawo hakan wajen 1936, George Snell a Amurka ya bi diddiginta shekara da shekaru har ya samu kyautar Nobel a 1980. A 1957 masu bincike Prehn da Main suka tabbatar da tsantsar zuriya cewa jiki na iya gane ƙarin kansa, ba baƙuncin naman kaɗai ba. Duk wannan yana cikin littafin da ke kan teburina lokacin da nake cinikin farare 30.

Malama ta ce kada ɓerayen su tafi a banza, mu nemi izini mu sake yi wa waɗanda suka warke allurar ƙwayoyin. A karo na biyu ƙarin ko fitowa bai yi ba. Jikin ya riƙe kamannin baƙon, irin abin da Peter Medawar ya gani a dashen fatar zomaye a shekarun 1940. Wannan kaɗai ne sakamako mai tsabta da na samu a wata bakwai.

Daga baya muka samo BALB/c na gaskiya, da takardarsu, da tsada mai zafi. A jikinsu 4T1 ya yi ta girma, ya kai har huhu, da ruwan saiwar da babu, bambancin bai taka kara ya karya ba. A nan faifan na gida ne, ƙwayoyin T ba su ga abin zabura sosai ba, ƙarin kuma yana tara wasu ƙwayoyi da ke danne su. Wasu ƙarin ma ɓoye faifan suke yi gaba ɗaya, sai dai akwai ƙwayoyin NK, wasu sojojin garkuwar jiki, da ke farautar duk ƙwayar da ba ta nuna faifanta ba, abin da Klas Kärre ya bayyana a 1986. Wannan kokawar ita ce ainihin abin nazari, kuma ba a ganinta sai ɓera da ƙari sun fito gida ɗaya.

Don haka duk ɗalibin da ya zo min da maganar dasa ƙari, ba na barinsa ya gama bayanin ganyensa. Daga wace zuriya ƙwayoyinka suka fito? Ƙwayoyin sankarar B16 na zuriyar C57BL/6 ne, baƙin ɓera. 4T1 da CT26 na BALB/c ne. Ina takardar ɓerayenka? In ba za ka iya samun zuriyar ba, ka canza aikin tun kafin ka sayi keji. Kuma ka fara auna kejin da ba ka ba magani ba, kowace safiya, kafin ka leƙa wanda zuciyarka ke so. Da na yi haka, a kwana na goma sha biyu zan gane, ba a wata na bakwai ba.

Mafi wuya shi ne komawa Argungu in warware abin da na faɗa wa Inna, don labarin ya riga ya zaga dangi cewa na gano maganin sankara. Na yi musu bayani a tsakar gida bayan sallar isha'i, kaina a ƙasa. Baba ya saurara har na gama, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni buhu nawa kuma za a sayar a sayi ɓerayen masu takarda.