Wa ke ɗauko bidiyon, kwamfuta ko talabijin?

A wurin aikinmu ni aka ɗora wa nauyin nuna wa sababbin ma'aikata bidiyon horaswa. A ɗakin taro akwai babban talabijin da aka maƙala wa Chromecast a bayansa, 'yar na'urar nan da Google ya fitar a 2013 don tura bidiyo daga kwamfuta ko waya zuwa talabijin ta Wi-Fi. Ranar farko na buɗe burauzar Chrome, na latsa Cast, maɓallin turawa zuwa talabijin, na tura shafin da bidiyon yake. Hoto ya fito, amma yana tafiya yana cijewa, bakin mai bayani na motsi muryarsa na biyowa daga baya, fankar kwamfuta kuma sai huci take. Na ɗora wa intanet laifi, na ba mutane haƙuri.

Bayan an tashi, wani abokin aiki da ke kula da na'urori ya tambaye ni: "Malam, wa ke ɗauko bidiyon nan daga intanet, kwamfutarka ko talabijin?" Ban taɓa tunanin akwai bambanci ba, ashe nan gizo ke saƙar. Idan ka tura shafin burauza ɗungurungum, kwamfutarka ce ke saukar da bidiyon, ta sake ɗaukar hoton abin da ke kan shafin, ta matse shi, sannan ta aika wa talabijin ta Wi-Fi. Aiki biyu ke nan a kanta, kuma bidiyon ya ratsa iska sau biyu. Amma idan ka latsa alamar Cast da ke cikin bidiyon kansa, kamar ta YouTube, kwamfutar adireshin kawai take miƙawa, na'urar talabijin ta je ta ɗauko da kanta. Daga nan kwamfutar ta zama rimot: tsayarwa, komawa baya, ƙara murya. Washegari na gwada haka da bidiyon jiya, a kan intanet ɗin jiya, ya tafi sumul har ƙarshe.

Wannan tambayar ce ta warware mini sauran matsalolin. Wata rana talabijin ya ƙi bayyana a jerin na'urori sam. Ashe kwamfutata tana kan Wi-Fi na baƙi, wanda aka saita don kada na'urorin da ke kansa su ga juna. Dole su biyun su hau layin Wi-Fi ɗaya, in da hali na 5 GHz, domin na 2.4 ya fi cunkoso. Baƙin allo kuwa, inda murya ke fita babu hoto, sau da yawa kariyar haƙƙin mallaka ce ke hana a kwafi hoton, ba lalacewa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tura allon kwamfuta gaba ɗaya, ko ta Chrome, ko ta Miracast, wata hanyar tura allo ba waya da ake buɗewa da maɓallan Windows da K. Duk abin da ya faɗo kan allonka kowa zai gani. Na taɓa ganin saƙon wani mutum na gida ya fito ɓaro-ɓaro a gaban taro, kuma har yau ina jin nauyin abin a madadinsa. Tun daga ranar nake kashe sanarwa kafin in haɗa komai, kuma ba na tura allo duka sai idan babu makawa.

Google ya daina ƙera Chromecast a 2024, ya maye gurbinsa da Google TV Streamer, amma maɓallin Cast na nan yana aiki. Ni dai yanzu nakan shiga ɗakin minti goma kafin kowa in gwada hoto da murya, da igiyar HDMI a jakata. Ita ke ɗaukar hoto da sauti tare ba ta nemi Wi-Fi ba, kuma sau biyu tana fitar da ni a ranar da mara waya ya ƙi.