Kafin a ba mai zubar fitsari ko bayan gida magani, a fara sanin irin zubar

Aikina kula da mutanen da fitsari ko bayan gida ke kufce musu, kuma abin da aikin ya fi koya mini shi ne zubar ba cuta ɗaya ba ce. Maganin da ya tsayar wa wani yakan ƙara wa wani wahala. Don haka ba na rubuta komai sai na san wace iri ce a gabana.

Abin da nake fara bayarwa takarda ce da kofi mai awo. Kwana 3 mutum zai rubuta lokacin da ya sha ruwa da yawansa, lokacin da ya yi fitsari da mililita nawa ya fito, da abin da yake yi sa'ad da ya jiƙe. Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar mililita 400 zuwa 600, kuma zuwa banɗaki sau 4 zuwa 8 a yini ba matsala ba ne. Idan na ga an rubuta 80, 100, 60 duk bayan rabin awa, ga matsi mai zuwa ba sallama, na san mafitsara ce ke matsawa tun ba ta cika ba. Idan kuwa sai an yi tari, atishawa, dariya ko an ɗaga kaya ake ɗiga, to tsokokin ƙasan ƙugu ne suka saki, galibi bayan haihuwa ko bayan tiyatar furostet, wato ƙullun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Da yawa suna da duka biyun.

Iri na uku shi ne mai yaudara. Mutum yana ɗiga kaɗan-kaɗan yini guda, fitsarin ba ƙarfi, yana yankewa, ya gama amma bai ji ya gama ba. Wannan mafitsararsa cike take maƙil, abin da ke fita ambaliya ce. Kumburin furostet na kawo shi, haka ciwon suga da ya daɗe ya taɓa jijiyoyi. Irin wannan in aka ba shi oxybutynin ko solifenacin, masu sa mafitsara ta lafa, fitsarin na iya riƙewa gaba ɗaya, ƙoda ta shiga haɗari. Shi ya sa nake auna abin da ya rage bayan mutum ya yi fitsari, da sikanin ko da robar fitsari. Idan ragowar ta kai mililita 200 ko fiye, maganar ta koma yadda za a fitar, ba yadda za a riƙe ba. Macen da take jiƙe dare da rana ba tsayawa tun bayan doguwar naƙuda kuwa, wannan yoyon fitsari ne na hujewa, aikin tiyata ne, ba atisayen da zai rufe shi.

Atisayen tsokokin ƙasan ƙugu, wanda likita Arnold Kegel ya bayyana a 1948, yana aiki, amma rabin faɗan shi ne gano tsokar. Yadda nake faɗa shi ne: "Mama, ki yi kamar iska za ta fita a cikin mutane kina hana ta, sannan ki ja ciki zuwa sama." Ina sa hannu ɗaya a mararta, ina kallon cinyoyi. In ciki ya turo waje, ko ta ɗauke numfashi, ko ta matse ɗuwawu, ba a kan tsokar take ba. Wasu ma yunƙuri suke yi zuwa ƙasa, wanda ke ƙara sakin wurin. Ana farawa a kwance, a matse daƙiƙa 3 a saki daƙiƙa 3, a riƙa ƙarawa har a kai 10. Aƙalla sau 8 a zama guda, zama 3 a rana, wata 3 cur kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Mafi yawan masu cewa bai yi ba a mako na uku suka bari. Kada a mai da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa atisaye, yana hana mafitsara juyewa sarai. Dabara ɗaya da ke nuna amfani tun farko: a matse kafin tari ko ɗaga kaya, ba bayansa ba.

Mai fama da matsi horon mafitsara ya fi masa. In yanzu duk awa ɗaya yake zuwa, a tsaya kan awa ɗaya ta agogo, a riƙa ƙara minti 15 duk mako har a kai awa 3. Matsin ya taso, kada a ruga, gudu ne ke kwance shi. A tsaya cak ko a zauna, a matse a saki da sauri sau 5, a jira ya lafa, sannan a taka a hankali. A ba shi aƙalla mako 6. Rage shan ruwa, wanda kusan kowa ke yi kafin ya zo, baya yake mai da aiki, domin fitsari mai kauri yana tsokanar mafitsara kuma yana busar da bayan gida. Lita 1.5 zuwa 2 a rana, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda, a rage kofi da shayi, a dakata da sha awa 2 kafin barci.

A ɓangaren bayan gida ma akwai irin wancan tarkon. Tsoho yana ɓata wando da ruwa-ruwa, iyali su ce gudawa ce, su ba shi loperamide. Sau da yawa kashi ne ya taurare ya toshe dubura, mai ruwan yana zagayowa ta gefensa, maganin tsayar da gudawa kuma sai ya ƙara toshewar. Yatsa cikin safar hannu ke raba gardama. In an taɓa dunƙule mai tauri, sai a fara da fitar da shi, da macrogol, mai sa kashi ya yi laushi, ko maganin da ake sawa ta dubura. Nakan ga fitsarin ma ya gyaru bayan haka, saboda duburar da ta cika tana danne mafitsara.

In dubura ba komai kuma bayan gidan sako-sako ne, nan loperamide ke da amfani, a fara da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa har ya yi laushi amma a dunƙule. A kafa lokaci guda kullum, minti 20 zuwa 30 bayan karin safe, lokacin da hanji ke motsi da kansa, gwiwoyi sama da ƙugu, ba yunƙuri. Macen da iska ko bayan gida ya fara kufce mata bayan haihuwa, a duba zoben dubura ko ya yage, domin ana iya gyara shi.

Fata kuwa, ruwan ɗumi, a dangwala tawul ba gurzawa ba, a shafa man zinc oxide sama-sama, in ya yi kauri yana toshe kunzugu ya hana shi tsotsewa.

Akwai abin da ba na jira a kansa. Jini a fitsari ko a bayan gida, ko rama ba dalili, sai bincike. Zubar da ta zo farat ɗaya tare da ciwon ƙwanƙwaso, raunin ƙafafu da rashin jin taɓawa a fatar tsakanin cinyoyi, jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne, asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.