Aikin Sa Kai a Ɗakin Haihuwa na Karkara a Jigawa

Bayan na kammala karatun ungozomanci, na shiga wani shirin sa kai da ke tura ma'aikatan lafiya ƙananan asibitocin karkara, aka kai ni wani ƙauye a Jihar Jigawa. Aikinmu shi ne awon ciki, karɓar haihuwa, da tura wadda lamarinta ya fi ƙarfinmu zuwa Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun shekarar 2008.

Magungunan da ke ceton rai a wannan fanni ba su da yawa, kuma ba su da tsada. Allurar oksitosin tana tsayar da zubar jini bayan haihuwa, amma tana son sanyi, don haka inda babu wutar lantarki mun fi dogara ga misofurostol, ƙwaya uku da zarar jariri ya faɗo. Jijjigar da hawan jini ke jawo wa masu ciki kuwa allurar maganiziyam salfet ce maganinta. Sai dai mafi yawan matan da suka zo mana a galabaice, tun a gida aka ɓata lokacinsu, kafin a yanke shawarar fitowa.

Dalilin hakan yana cikin yadda ake haihuwa a gidajenmu. Mace, musamman mai cikin fari, kunya tana sa ta ɓoye naƙuda, ta shige ɗaki ita kaɗai ba ta ko nishi mai ƙarfi, ungozomar gargajiya kuma sau da yawa sai bayan haihuwa ake kiranta, ta yanke cibiya, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya. Ke nan a lokacin da hatsari ya fi yawa, babu mai lura sai uwar miji ko kishiya, ko mahaifiya idan an tafi goyon ciki. Saboda haka muka karkata wa'azinmu gare su, domin wadda take naƙuda ba ita ce mai cewa a nemo mota ba.

Ba mu yi musu maganar rabin lita ba, wanda shi ne ma'aunin zubar jini mai hatsari a littafi. Da zane muka auna. Wata dattijuwar ungozoma da duk ƙauyen ke kira Iya ta ce mini, "'Yata, ki ce musu in zane biyu ya jiƙe sharkaf, kada a jira na uku." Haka muka yi da ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da ganin dishi-dishi, waɗanda mutane ke danganawa ga iska, alhali alamun hawan jinin masu ciki ne. Ban taɓa hana kowa shan rubutu ba. Roƙona shi ne a sha a hanyar asibiti.

Da maza kuwa limamin Juma'a da mai gari suka taimaka mana. Abin da muka nema shi ne kowane magidanci ya bar izini tun ciki yana wata bakwai, ta yadda ko ya tafi cin rani ba za a zauna jiran sa ba, ya kuma ajiye kuɗin mota, ya faɗi wanda zai ba da jini idan an buƙata. Direbobin tasha ma sun amince a buga musu waya ko da tsakar dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar zuwa awo sau takwas. A ƙauyen da na zauna, da damina idan hanya ta yanke, samun mace sau huɗu ma nasara ce, don haka kowane zuwa sai mun auna jini, mun ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, mun kuma tambayi wanda zai rako ta ranar haihuwa, muka rubuta a katinta.